Buhu goma ko buhu ashirin: yadda ake ƙirga kuromosom da auna jinom a dangin dawa

Wata kaka, tun kafin yaƙin nan ya watsa mutane, ina taya kawuna tuge adar, wato dawar daji, a bakin tur'a, wato magudanar ruwan noma, a hawasharsa (gonar ban-ruwa) ta wajen Sinnar a Sudan. Ya ɗaga zangarniya ɗaya ya girgiza, ƙwayoyin suka zube ƙasa ba tare da an sussuka ba. Ya ce, "Kai da aka kashe kuɗi ka yi karatun gona, faɗa mini. Wannan tsinanniyar ciyawa da dawarmu feterita, uwarsu ɗaya ko kama ce kawai?" Na ce, "Kawu, ciki ɗaya suka fito." Ya ce, "Da idonka ka gani, ko Turawa ne suka rubuta?"

A ranar, Turawa ne suka rubuta. Sai daga baya na zauna gaban madubin ƙara girma na ƙirga da kaina: kuromosom ashirin a feterita, ashirin a adar. Shi ya sa suke barbarar juna a gona, har ka ga wata dawa doguwa ta tsiro a tsakiyar kunya tana zubar da 'ya'yanta kamar adar. Na rubuta wannan jagora ne don ƙannenmu masu karatun gona da ilimin tsirrai, a Madani ko Gadarif ko Kassala ko duk inda gudun hijira ya jefa su, waɗanda aka ba su aikin kwatanta tsirrai 'yan dangi ɗaya kuma suke son su gani da idonsu.

Buhu daban, hatsi daban

Kafin ka taɓa iri, raba abu biyu a ranka. A cibiyar kowace ƙwayar halitta akwai DNA, wani dogon zare mai harufa huɗu, A da T da G da C. Ba a zube yake ba, an ƙulla shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi shi ne kuromosom. Ɗauki kuromosom a matsayin buhu, DNA kuma hatsin da ke ciki. Ƙirga kuromosom ƙirga buhuna ne. Auna jinom kuwa, wato jimillar DNA ɗin, ɗora hatsin a sikeli ne. Duk wanda ya taɓa sayen dawa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif ya san yawan buhu ba shi ne nauyi ba.

Dawa da masara kowace buhunta ashirin, wato 2n = 20. Amma da aka karanta jinom ɗinsu, duka biyun a 2009, na dawa ya kama harufa kusan miliyan 730, na masara kusan miliyan 2,300. Gero buhunsa 14 kacal, amma hatsinsa ya ninka na dawa fiye da sau biyu. Shinkafa tana da 24, jinom ɗinta bai kai miliyan 400 ba. Albasa kuma, da 16 ɗinta, tana ɗauke da harufa wajen biliyan 16, kusan ninki biyar na ɗan Adam. A cikin dangin dawa kansu, wani bincike na 2005 da ya auna jinsi 21 ya samu adadin kuromosom 10 da 20 da 30 da 40, nauyin DNA kuma daga pikogiram (kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram) 1.27 har 10.30, ninki takwas ke nan. Saboda haka wanda ya ƙirga bai auna ba, rabin aiki ya yi, haka ma wanda ya auna bai ƙirga ba.

Mataki na 1: zaɓi dangin, ka ajiye shaida

Mu a Sudan ba sai mun nemi kayan aiki daga nesa ba. Alamar dawar gida mafi tsufa da aka gano a duniya a gabashin ƙasar nan take, a yankin Kassala, a jikin katangar tukwane na wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa. Ciyawar da duniya ke kira ciyawar Sudan ma daga ƙasar nan aka kai ta Amurka a 1909. Ka tattara aƙalla waɗannan: dawar gida iri biyu ko uku, kamar Tabat da Wad Ahmed da feteritar gargajiya, adar daga wurare daban-daban, sai kuma, in ka yi dace, wata 'yar'uwarsu ta daji da ke fitowa a baƙar ƙasa mai laka, wadda masana ke kira *Sorghum purpureosericeum*. Za ka gane ta da zoben gashi da ya kewaye kowace gaɓar kararta. Ita ce za ta ba aikinka armashi, domin kuromosom ɗinta 10 ne, rabin na dawa, amma manya-manya, kuma DNA ɗinta ya fi na dawa nesa ba kusa ba. Idan ka ci karo da mai kama da adar amma tana da saiwa mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa tana tohowa nan da can, tono ta da kyau. Mai yiwuwa *Sorghum halepense* ce, mai 40, wadda sunanta ya samo asali daga birnin Halab na Sham.

Kowace shuka ka ba ta lamba. Irinta a ambulan ɗin takarda, ba leda ba, don leda tana sa shi ya ruɓe. Shukar kanta, da ganye da zangarniya da saiwa, ka danne ta tsakanin tsofaffin jaridu ta bushe, ka rubuta wuri da rana da lambar da wayarka ta ba ka ta taswira. Wannan shi ne abin da ɗalibai suka fi rainawa, kuma shi ke kashe aiki. Na taɓa ganin wani ya ƙirga 40 a abin da ya kira adar, aka ce ina shukar, ya ce akuya ta cinye. Ba wanda zai iya gaskata shi, ba wanda zai iya ƙaryata shi, wata uku suka tafi a banza.

Mataki na 2: tsirar da irin

Jera ƙwaya goma zuwa ashirin a kan takarda mai ɗaukar ruwa, ko tsumma mai tsabta, a cikin faranti mai murfi. Danshi ake so, ba ruwa kwance ba. Zafin da ya dace wajen digiri 25 zuwa 28 ne, abin da ɗakunanmu ba sa bayarwa a watan Afrilu ko Mayu. Ni ƙarƙashin randa nake ajiyewa, inda ruwa ke ɗiga ƙasa ta yi sanyi. Dawar gida kwana biyu ta isa. Adar da sauran na daji suna da taurin kai, barci suke yi a cikin ɓawonsu. Ɓare ɓawon da farce ko ka ɗan goga shi da takardar yashi.

Saiwar da ake so ita ce fara, mai ƙiba, tsawon santimita ɗaya zuwa biyu. A tsininta ne ƙwayoyin halitta ke rabuwa. Yanke ta da hantsi. In ba ka samu masu rabuwa da yawa ba, gwada yanka awa-awa daga bakwai na safe zuwa azahar, ka riƙe lokacin da ya fi yi wa irinka.

Amma kada ka fara da dawa. Kuromosom ɗinta ƙanana ne, 'yan maikuromita (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) kaɗan, sabon hannu zai ɗauka ƙura ce. Ɗora albasa a bakin kofin shayi gindinta na taɓa ruwa, bayan kwana uku ka samu saiwa. Yi duk matakan da ke tafe a kanta har sai ka ƙirga 16 sau goma ba gardama, sannan ka koma kan dawa.

Mataki na 3: tsayar da su a inda ake ganinsu

Kuromosom ba ya ƙirguwa sai a ɗan taƙin da ya dunƙule ya yi gajere gab da rabuwa. Aikin wannan mataki shi ne a hana shi wucewa daga nan. Abin da na fi amincewa da shi ga dawa shi ne 8-haidroksikwinolin: giram 0.029 a ruwa mililita 100, a narkar da shi a ruwan ɗumi, a bari ya huce. Saiwa ta zauna a ciki awa uku zuwa huɗu, amma a sanyi, kada ya wuce digiri 18. In ya yi zafi, kuromosom ɗin sai su manne da juna kamar ɗanko. Fulas ɗin shayi da ɗan ƙanƙara da ma'aunin zafi sun ishe ka, ko da an ɗauke wuta.

Kolcisin ma yana yi, kashi 0.05 cikin ɗari na awa biyu zuwa uku, sai dai guba ne mai tsanani, ba a taɓa shi ba safar hannu, kuma yana da tsada. Ga alkama da albasa, ruwan ƙanƙara zalla na awa 24 ya wadatar. Akwai kuma dabarar talaka: ƙwallayen nan da ake sa wa a akwatin tufafi don kashe asu. Duba kwalin, idan an rubuta paradaikulorobenzin ne, jiƙa su a ruwa su kwana, ka tace, ka sa saiwa awa biyu zuwa uku. Idan naftalin ne, mayar da su akwati.

Mataki na 4: kashewa, tausasawa, rini, dannewa

Ɗauraye saiwar ka jefa ta a haɗin etanol kashi uku da asid asetik tsantsa kashi ɗaya. A ranar ake haɗa shi, ba a ajiye na jiya. Ta kwana ɗaya a ciki. In ba yanzu za ka duba ba, mayar da ita etanol mai ƙarfin 70 ka sa a firji, za ta yi watanni.

Ranar dubawa, sa ta a asid haidrokulorik mai ƙarfin 1N, wato wajen mililita 8.3 na mai ƙarfi a cika da ruwa zuwa 100. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Zafi digiri 60, minti takwas zuwa goma. Wannan shi ke narkar da abin da ya manne ƙwayoyin da juna. In ka gaza lokaci, saiwa ta ƙi bajewa. In ka zarce, ta zama kunu kuma ta ƙi shan rini. Riƙe agogo a hannu. Wanda ya samu sinadaran selules da fektines, masu narkar da bangon ƙwaya, zai fi samun shimfiɗa mai kyau a dawa, amma asid ma yana kai mutum gida.

Ɗauraye, ɗora a gilashin dubawa, yanke tsinin nan mai farin madara, milimita ɗaya kawai, ka zubar da sauran. Yawancin gilasan da suka lalace a hannun ɗalibai, yawan nama ne ya lalata su. Mutum yana ganin kamar in ya yar da sauran ya yi asara. Ɗiga asito-osin mai ƙarfin kashi 2, ka bari minti goma sha biyar zuwa rabin awa. In asitokamin gare ka, dagargaza tsinin da allurar ƙarfe wadda ba ta da fenti, domin ƙarfen yana ƙara wa rinin duhu. Ɗora murfin gilashi, ka wuce da shi ta saman wutar fitila sau biyu ko uku, ya yi ɗumi amma kada ya tafasa. Ƙwanƙwasa murfin a hankali da gindin ashana har ɗigon ya baje kamar hazo. Sai ka rufe da takarda mai shan ruwa ka danna da babban yatsa, da ƙarfi, kai tsaye ƙasa. In murfin ya zame ko da kaɗan ne, ƙwayoyin sun naɗe, sai sabo. Toshe gefuna da man farce mara launi ko solishon ɗin masu facin taya.

Mataki na 5: ƙirga

Nemo da ƙaramin ido na 10, matsa zuwa 40, ka ƙirga da na 100 da ɗigon mansa. Ƙwayar da za ka amince da ita ita ce wadda take ita kaɗai, bangonta bai fashe ba, kuromosom ɗinta a warwatse. Juya maɓallin daidaitawa sama da ƙasa a hankali, don wani yana ɓoye ƙarƙashin wani. Zana abin da ka gani a takarda kafin ka ƙirga, sannan ka ɗora kyamarar waya a bakin madubin ka ɗauki hoto a zurfi biyu ko uku.

Ga inda zuciya ke yaudarar mutum. Ka riga ka san littafi ya ce 20, saboda haka in ka ga 19 sai ka nemo ɗigon datti ka cika, in ka ga 21 sai ka ce ɗaya ne ya karye. Ni ma na yi. Maganinsa, ba wa abokinka hoton ba tare da ka faɗa masa wace shuka ce ba. Kada ka rubuta adadi sai ka same shi a ƙwaya goma, daga shuka uku ko fiye. A kula da wasu kuromosom masu ɗan wutsiya da wani siririn wuya ya raba da jikinsu. Wutsiyar takan yi kamar kuromosom mai zaman kansa.

Mataki na 6: leƙa cikin fure

Saiwa tana faɗa maka adadi. Fure yana faɗa maka zumunci. Lokacin da dawa ta yi ciki, zangarniya ba ta fito daga ganyen ƙarshe ba, tsaga ka ɗebo, ka jefa a haɗin nan na uku da ɗaya. Ciro 'yan jakunkunan garin fure tun suna kore-kore, ka murƙushe a asitokamin. A nan kuromosom na uwa da na uba ke kama hannun juna biyu-biyu. Dawa lafiyayya za ta nuna tagwaye goma cif. Haka ma ɗan da aka samu tsakanin dawa da adar, kuma wannan ita ce amsar da kawuna ke nema: da ba dangi na kusa ba ne, da ba su kama hannun juna ba. A *halepense* mai 40 kuwa za ka ga wasu sun haɗu huɗu-huɗu. Idan ka ga marayu suna yawo su kaɗai, shukar ruwa-biyu ce tsakanin iyaye masu nisa, kuma yawanci garin furenta fanko ne, ba ya shan rini. Haka abin yake ga ɗan gero mai 14 da ciyawar giwa mai 28: yana fitowa da 21, ga ganye ga tsawo, amma ba iri.

Akwai wani dalili kuma na leƙa fure. Ita wannan mai zoben gashi, *purpureosericeum*, wasu daga cikinta suna ɗauke da ƙarin kuromosom da ake kira B, 'yan cin arziki waɗanda shuka ke rayuwa lafiya ba su. Abin mamaki, tana zubar da su daga saiwa, sai a ɓangaren fure suke zama. Wanda ya tsaya a saiwa zai rantse goma ne kawai.

In tsirranka ɗari ne kuma kana son tace waɗanda ake zargin kuromosom ɗinsu ya ninka, shafa man farce a bayan ganye, ya bushe, ɗaga shi da salatif ka manna a gilashi, ka auna tsawon ƙofofin numfashin ganyen. Masu ninki sukan fi manyan ƙofofi. Zargi ne kawai yake ba ka, ba hukunci ba.

Mataki na 7: ɗora hatsin a sikeli

Wannan ba ya yiwuwa a ƙarƙashin randa. Ana bukatar na'urar fulo-saitomita, wadda ke tura cibiyoyin ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza tana auna ƙyallinsu. Ba dole sai ta sashen tsirrai ba. Irin wadda manyan ɗakunan gwajin jini ke amfani da ita, in tana da leza shuɗiya ta 488, za ta yi, muddin mai kula da ita ya yarda kuma ka tace samfurinka da kyau. In a waje za a auna maka, a Alƙahira ko wani wuri, aika iri su shuka da kansu, tare da takardar lafiyar tsirrai da izinin fitarwa. Busasshen ganye yana iya nuna ninki, amma ba a dogara da shi wajen ainihin nauyi.

Na'urar ba ta san pikogiram ba, kwatance kawai take yi. Don haka kana bukatar ma'auni, wato shukar da aka riga aka san nauyinta. Waɗanda aka fi amfani da su daga wani ɗakin bincike na Olomouc a ƙasar Cek suka fito: tumatir mai 1.96, waken suya mai 2.50, masara mai 5.43, da fis, wato koren waken Turawa, mai 9.09. Iri ne takamaimai masu suna, ba tumatirin kasuwa ba. Masara musamman nauyinta yana bambanta daga iri zuwa iri. Zaɓi wanda yake kusa da naka amma bai hau kansa ba. Ga dawa da adar, waken suya ya fi.

Yanki ɗanyen ganye matashi kamar faɗin farce daga shukarka, da irinsa daga ma'auni, ka haɗa su a faranti ɗaya a kan ƙanƙara. Zuba mililita ɗaya na ruwan Galbraith mai sanyi, wanda aka yi amfani da shi tun 1983: magniziyam kuloraid 45 mM, sodiyam sitiret 30 mM, MOPS 20 mM, Triton X-100 kashi 0.1, a pH 7. Sassara su tare da sabuwar reza, sara kamar na yankan kuɓewa, ba niƙa ba, ƙasa da minti ɗaya. Reza ɗaya samfuri ɗaya. Tace ta rariyar nailan mai ido 30 zuwa 50 na maikuromita. Ƙara RNase, sinadarin da ke narkar da RNA don kada ya sha rini, da rinin furofidiyam ayodaid, kowanne maikurogiram 50 a mililita, ka ajiye a duhu a kan ƙanƙara kamar minti goma sha biyar. Rinin nan yana kama DNA, naka ma bai bari ba, sa safar hannu. Kada a ruɗe ka da rinin DAPI don ya fi fitar da zane mai kyau. Yana fifita A da T, saboda haka yana karkatar da awo.

Dalilin sassara su tare shi ne, ganyen dawa yana da sinadarai masu ɗaci da ke hana rini kamawa sosai. In suna kwano ɗaya, abin da ya taɓa naka ya taɓa ma'auni. In ƙyallin ya yi ta raurawa, ƙara PVP, sinadarin da ke kama masu ɗacin, kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Masu aiki da kuɓewa ko karkade kuma, yauƙi ne zai toshe musu rariya. Su ɗauki ganye mafi ƙuruciya su rage sara.

A ƙirga cibiya 5,000. A allon za ka ga tudu biyu dogaye, naka da na ma'auni. Faɗin kowane tudu, abin da na'ura ke kira CV, kada ya wuce kashi 5. Ƙasa da 3 ya fi. Wani ɗan ƙaramin tudu zai bayyana a daidai ninki biyu na naka: ƙwayoyin da suka kwafi DNA ɗinsu ne suna shirin rabuwa, ba wata sabuwar shuka mai ninki ka gano ba. Maimaita awon a rana uku daban-daban, don na'ura ma tana da ranar da ta tashi da ƙafar hagu.

Lissafin ba wuya. A ce, misali, tudun waken suya ya tsaya a 300, naka a 200. Raba 200 da 300, ka ninka da 2.50, ka samu pikogiram 1.67. Wannan shi ne 2C, nauyin da ke cikin ƙwayar ganye. Rabinsa, 0.835, shi ne 1C. Pikogiram ɗaya harufa miliyan 978 ne, saboda haka ka samu wajen miliyan 817. Za ka lura ya ɗara 730 ɗin da na ambata a sama. Ba kuskurenka ba ne. Hanyoyin awon ne suka bambanta, kuma wuraren da harufa ke maimaita kansu dubban sau suna da wuyar karantawa. Abin da ake bukata gare ka shi ne ka rubuta ma'aunin da ka yi amfani da shi da nauyin da ka ba shi.

Mataki na 8: karanta abin da ka samu

Yanzu jera kowace shuka da adadinta da nauyinta, ka ƙara layi ɗaya: raba 2C da yawan sahun kuromosom da take da shi, biyu ga dawa, huɗu ga mai 40. Wannan shi ake kira 1Cx, nauyin sahu guda, kuma da shi ake kwatanta 'yan dangi.

Idan buhu ya ninka, hatsi ya ninka, sahu guda bai canja ba, to ninki ne ya faru. *Halepense* ke nan: 2C ɗinta wajen 3.28, sahu guda 0.82, kusan daidai da na dawa. Ta samu ne daga haɗuwar dawa da wata 'yar'uwarta ta Asiya, *Sorghum propinquum*. Gonakinmu cike suke da irin wannan. Rama 36, yakuwa 72. Gyaɗa 40, daga iyaye biyu na daji a Kudancin Amurka masu ashirin-ashirin. Alkamar burodi da ake shukawa da sanyi a Jazira 42, sahu shida na bakwai-bakwai. Raken Kenana kuwa ya wuce ɗari, kuma ba kowane iri ke da adadi ɗaya ba, kada ka ba ɗalibin shekarar ƙarshe shi sai in kana da ƙiyayya da shi. A tsofaffin masu ninki sau da yawa za ka tarar nauyin bai kai jimillar na iyaye ba, domin shuka tana zubar da wani abu a hankali bayan ninkin.

Idan buhu bai canja ba amma hatsi ya ƙaru, kumburi ne. Mai kawo shi galibi wasu gutsattsarin DNA ne masu kwafar kansu suna liƙawa a wani wuri, dangin abin da Barbara McClintock ta gano a masara har aka ba ta kyautar Nobel a 1983. Fiye da rabin jinom ɗin dawa su ne, a masara kuwa wajen kashi 85 cikin ɗari. Ainihin ƙwayoyin gado masu aiki, a dawa da masara duka, tsakanin 30,000 ne da 40,000. Ragowar bambancin, ƙaiƙayi ne ya cika buhun. Auduga ta fi kowa nuna wannan a fili. Audugar Afirka da Asiya ta dā da audugar daji ta Amurka kowace 26 gare ta, amma ta farkon ta ninka ta biyun nauyi. Su biyun ne suka haɗu suka haifi masu 52, irin Barakat da Akala da ake nomawa a Jazira. In ka samu shimfiɗa mai kyau ta saiwar Barakat, za ka ga manyan buhuna da ƙanana zaune a ƙwaya ɗaya.

Idan kuma adadi ya ragu ba da ninki ba, an juye buhu biyu ne a ɗaya. Kakan ciyayin hatsi yana da sahu mai 12. Shinkafa ta riƙe 12 ɗinta, dawa ta sauko 10, gero da alkama 7. Masara ta fi kowa yawo: bayan ta rabu da dawa kimanin shekara miliyan 12 da suka wuce, zuriyarta ta ninka, sannan ta yi ta haɗe buhuna har ta dawo 10, sannan ta kumbura. Ashirin ɗinta da ashirin ɗin dawa lamba ce ɗaya, tarihi biyu. Madubi kaɗai ba zai nuna maka wannan ba, sai an haɗa da bishiyar zumunci da aka gina daga jerin harufan DNA. Don haka in ka ga mai 10 kusa da mai 20, kada ka yi saurin rubuta cewa wannan ce ta haifi waccan. Ɗora sakamakonka a kan bishiyar dangin da aka riga aka wallafa, ka ga ta wane reshe canjin ya bi.

Kafin ka ce ka gano sabon abu, duba rumbun bayanan nauyin DNA na lambun Kew da ke Ingila, da rumbun ƙirgen kuromosom na CCDB, duka suna intanet kyauta. In naka ya saba da nasu, koma kan busasshiyar shukar da ka danne a jarida ka tabbatar da sunanta, sannan ka sake tsirar da iri daga ambulan mai lamba ɗaya ka maimaita daga mataki na biyu.